Ɗan Majemin da Bai Taɓa Toshe Hanci Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare direbanku daga gaggawa da gyangyaɗi, Ya kai ka garin da aka tura ka bautar ƙasa cikin aminci. Na sa ta ne cikin naɗin dardumarka, domin na san nan hannunka zai fara kaiwa.

Ka san ni, a majema bakina ya fi kartajin kankare fata kaifi, amma in aka zo maganar zuciya sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na rubuta. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni. Za ka zauna ɗaki ɗaya da baƙo, ɗaki mai tukunyar gas, cikin mutanen da ba su san cewa kai ba ka jin wari ba ka jin ƙanshi. Kuma na san halinka, ba za ka gaya musu ba. Ba na ganin laifinka, domin ni na koya maka ɓoyewar. Bari in lissafo maka yadda na yi, ko ka kwance abin da na ɗaure.

Kuskurena na farko alfahari ne. Kana da shekara biyar na fara ɗaukarka daga gidanmu na Ƙofar Kware zuwa majema. Kai ba ka san yadda wurin yake ba, to bari in gaya maka: ɗanyar fata, ruwan toka, da jiƙaƙƙen kashin tattabara da muke tausasa fata da shi, in suka haɗu da zafin Sakkwato, ko ungulu sai ta yi shawara. Masu sayen fata daga Sabon Gari da hankici a hanci suke ciniki. Ni da aka haifa cikin sana'ar, na yi wata guda ina amai kafin in saba. Amma kai, ranar farko ka zauna bakin kwatarniyar da ta fi kowacce ɗoyi, kana cin ƙosanka kana kaɗa ƙafa. Na tara mutane ina cewa, “Ku zo ku ga ɗana! Wanga majemi na tun cikin ciki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.” Aka yi ta sa maka albarka.

Innarka ta fi ni ido. Ta ce mini, “Malam, yaron ga ko tuwo na ƙonewa gabanai ba ya juyowa. Anya lahiya?” Na ce mata jarumta ce, mata ba su san ta ba. Abin da ya kamata ya sa ni tambaya, shi na ɗauka na yi rawani da shi. To ka riƙe wannan: duk abin da ya zo daidai da burinka ƙwarai, ka ƙara duba shi sau biyu. Kuma in mace ta ce maka “anya,” ka tsaya ka ji sauran maganar.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma na san ba ka manta ba. Kana da shekara goma sha uku. Na tsoma fatun jajayen awaki a ruwan kashin tattabara, sai aka aiko mini da rasuwa a Kware. Ka san aikin: fata a wannan ruwa ba agogo ke faɗin lokacinta ba, hanci ne. Akwai warin da ke cewa ta yi laushi, akwai wanda ke cewa ta fara ruɓa, kuma tsakaninsu ba nisa. Na ce maka, “In ka ji warin ya juya, ka tsame su.” Ka ce to. Na dawo bayan la'asar na same ka zaune a wurin, ba ka je ko'ina ba, ka zuba wa kwatarniya ido kamar mai gadi. Na sa hannu na ɗago fata, ta yage a hannuna. Duk sun tafi.

Na ce, “Ba ka ji ba?” Ka ce, “Baba, mi ne wari ya juya? Ni ban san mi kuke ji ba.”

Wallahi Nasiru, gaskiya ka faɗa mini tsirararta, ni kuwa na ji ta rashin kunya. Na ɗauki igiyar shanya na yi maka dukan da har yau in na tuna sai in ji hannuna ya yi sanyi. Tun daga ranar ka zama gwanin kallon fuska. In innarka ta soya albasa, sai ka saci kallon yayarka Dije. In ta ce ƙanshi, kai ma ka ce ƙanshi. In mun wuce kwata mutane suka yamutsa fuska, kai ma ka yamutsa, sai dai kullum a makare. Na ga wannan, na ce a raina duka ya yi magani. Ashe maƙaryaci na ƙera da hannuna daga yaron da bai iya ƙarya ba. Ka yafe mini. Kuma in Allah Ya ba ka ɗa, ko ɗalibi, ko wani na ƙasa da kai, ya ce maka bai gane ba, ka fara da yarda da shi. Ba kowane “ban sani ba” ne raini.

Na uku, zargi. Sa'o'inka suka fara gemu, muryoyinsu suka buɗe, kai kana sha bakwai muryarka na nan siririya. Ban kai ka asibiti ba. Na ce sammu ne, har na daina gaisawa da wani abokin sana'ata da ba ruwansa. Na ɗura maka sassaƙe iri-iri, kana shanyewa, ko da yake ɗaci kam harshenka na jinsa sarai. Sai ranar da innarka ta tafi suna Runjin Sambo, Dije ta dawo daga makarantar koyon jinya da azahar. Tun daga zaure ta ji gas ya cika gida. Ta shigo da gudu ta same ka a kicin, ashana a hannunka, za ka ɗora shayi. Ta doke hannunka ashanar ta faɗi. Da ta yi jinkirin gaisawa da maƙwabta a ƙofar gida, da yau ba ni da wanda zan rubuta wa takarda.

Ita ce ta zaunar da ni ta ce, “Baba, Nasiru bai taɓa jin warin komi ba tun da anka haihe shi. Kuma ina jin abin ga da maganar gemun nan, uwarsu ɗaya.” Na ce wace irin magana ce wannan, ina hanci ina gemu? Amma na bi ku asibiti.

Abin da likitar nan ta faɗa mana, kai ka ji shi da kunnen mai jin kunya, kanka a ƙasa. Ni kuwa na ji shi da kunnen tsoho, kuma shekara shida ke nan ina juya shi, bai daina ba ni mamaki ba. Bari in maimaita maka yadda na fahimta, in na yi kuskure kai ɗan boko ne, ka gyara.

Ta ce a cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wani rubutu da ya gada, rabi daga uwa rabi daga uba. Rubutun nan shi ke faɗin yadda za a gina mutum, gaɓa bayan gaɓa. Tun jariri na ciki bai kai girman ɗan yatsa ba, sai wasu jijiyoyi da suka fi gashi siranta su tashi daga inda hanci zai kasance, su kama hanya zuwa ƙwaƙwalwa. Ba mai jagora, ba fitila, sai umarnin da ke cikin rubutun. In sun isa, sai wasu 'yan ƙullutai biyu su tsiro a gindin ƙwaƙwalwa, su ne masu karɓar saƙon hanci. Sannan ta faɗi abin da ya sa na cire hulata na riƙe. Ta ce akwai wasu ƙwayoyin dabam, waɗanda aikinsu shi ne su tayar da balaga bayan shekara goma sha, su ma a hanci ake fara halittarsu, kuma bin sawun jijiyoyin nan suke yi har su isa mazauninsu cikin ƙwaƙwalwa. Ayari ɗaya ne. In wani harafi ya goce a rubutun, hanya ba ta buɗe ba, sai duka biyun su tsaya. Ta nuna mana hoton kanka, ta sa biro inda ƙullutan nan ya kamata su kasance, wurin fili.

Subhanallah! Na shekara arba'in ina aiki da hanci, ina ɗaukarsa ƙofa biyu da iska ke shiga. Ban taɓa sanin cewa gemun da ke fuskata da warin da nake ji a kwatarniya tafiya ɗaya suka yi, a cikin duhun cikin uwata, tun ban san sunana ba.

Da ta ga na buɗe baki sai ta ƙara mini. Ta ce a can ƙuryar hanci akwai masu karɓar wari iri kusan ɗari huɗu, kowane iri da layinsa a cikin rubutun gado. Kowace jijiya guda, tana tsirowa, sai ta zaɓi iri ɗaya tak daga cikinsu ta riƙe, ta bar sauran. Duk waɗanda suka zaɓi iri ɗaya, ko a warwatse suke, sai su nemi juna su haɗu a wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa. Kuma suna tsufa suna mutuwa, ana haifar sababbi muddin rai, kowace sabuwa ta sake nemo hanyar da kanta. Yanzu haka da nake rubutu ana wannan zirga-zirga a cikin kaina, ban ba da umarni ba, ban biya ko sisi ba. Na fita daga ɗakin nan ina tasbihi, kamar wanda aka nuna wa wata ƙasa a bayan gidansa.

Kafin mu fita, ta ce rubutun nan ba ya zama daidai ga mutum biyu, shi ya sa wani ke jin ƙanshin da wani ba ya ji ko kaɗan. Nan na tuna wata tsiya da na taɓa yi, har na yi dariya a gabanta. Kuna ƙanana na saya wa innarka wani farin almiski a kasuwa. Na zo gida na buɗe kwalba na shinshina, ban ji komai ba. Na koma a fusace na ce wa mai turaren ya sayar mini da ruwan randa. Mutumin ya ɗiga a bayan hannuna, ya kira maƙwabtansa. Kowa ya shinshina sai ya lumshe ido. Ya ce, “Malam, majema ta cinye maka hanci, je ka da abinka.” Na tafi ina cewa sun haɗa baki. Har yau innarka na shafa irinsa, mata na tambayarta inda ta samo, ni kuwa ko ɗis. Ka ga ni da na doke ka don ba ka ji abin da nake ji ba, ashe ni ma akwai ƙofar da aka rufe mini. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka. Don haka kada ka ɗauki abin da kake gani ko kake ji a matsayin mudun da za a auna duniya da shi. Kuma kada ka ɗauki kanka ragagge. Kowa da inda aka tsaya masa, naka ne kawai ya fito fili.

Aka ɗora ka kan allura, murya ta buɗe, gemu ya fito, har ga shi yanzu kana gyara shi a madubi fiye da yadda ya kamata. Sai na yi kuskure na huɗu. Na ce muku maganar nan ta tsaya a cikin gida. A majema kuwa na ce ka bar sana'a ne don boko ya ja ka. Na ce ina kare mutuncinka ne, amma nawa nake karewa. Ina jin kunyar mutanen da na tara ina yi musu kirarin majemi tun cikin ciki.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, na ga ba zan iya ce maka ka faɗa wa baƙo abin da ni na kasa faɗa wa 'yan'uwana ba. Na je rumfar da muke zama da abokan sana'a, na faɗa musu komai: hancin, dukan, da ƙaryar da na yi. Sai Malam Garba, wanda ya girme mu duka, ya ajiye goronsa ya ce, “Umaru, yanzu kas sani? Ai baffanka Dikko haka nan yake. Mu dut mun sani, shi ɗai ke ganin ya ɓoye.”

Baffa Dikko ƙanen mahaifina ne, ba ka taɓa jin na ambace shi ba domin ina ƙarami ya rasu. Abin da na riƙe kawai, mutum ne dogo, marar gemu, bai yi aure ba, kuma shi ake ba kwatarniyar da kowa ke gudu. An ce mana gobara ce. Ranar Juma'ar nan na ji sauran. Da rana tsaka ne, ya kwanta ƙailula, garwashi ya taɓa katifar auduga tana ci a hankali. Malam Garba ya ce, “Gida ukku tsakani munka ji ƙauri. Kowa ya ce ai Dikko na ciki, da ɗakinai na, da ya hito. Ba wanda yat tuna, don ba a saba hwaɗi ba.” Ko da suka fasa ƙofa hayaƙi ya riga su.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani. Amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Kuma likita ta taɓa cewa abin nan yana iya ratsa mutum bai nuna a jikinsa ba, ya fito ga ɗansa. Allah ne masani, amma tun ranar nake ganin ta hanyata ya iso gare ka. Ni na miƙo maka shi, ni kuma na doke ka a kansa.

To ga abin da nake roƙonka, ba umarni ba, roƙo. In ka isa, kafin ka kwance jaka, ka dubi wanda za ku zauna tare ka ce masa, “Ni ba na jin wari. In ka ji gas ko ƙauri, ko abincina ya lalace, ko rigata na bukatar wanki, ka gaya mini, ba zan ji haushi ba.” Ka faɗa wa maƙwabcin ɗakinku ma. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na'urar nan mai ƙara in gas ya zuba, wadda Dije ta saya maka, ka kafa ta ranar farko, kada ta kwana a kwali. Tukunyar gas ta zauna waje in da hali. Abincin da ya kwana, in ba wanda zai shinshina maka, ka ba kaji. Allurarka kada ka tsallake don kunyar nemo asibiti a baƙon gari. In kuma ka ga yarinyar da ta kwanta maka, ka gaya mata da iyayenta gaskiya tun kafin magana ta yi nisa. Likita ta ce akwai taimakon da ake yi in lokacin neman haihuwa ya zo, kuma wadda za ta gudu saboda gaskiya gara ta gudu da wuri. Yaji da gishirin da kake zambaɗawa a abinci kuwa, ka rage, ba gasa ake ba.

Saura abu ɗaya. Shekara goma da suka wuce ka yi mini tambaya a bakin kwatarniya, na amsa maka da igiya. Ka ce ba ka san me muke ji ba. Bari in gwada amsawa yau, ko da a makare. Ruwan farko in ya sauka kan ƙasar Sakkwato, abin da muke ji kamar sanyin randa ne a maƙogwaro ranar azumi, sai dai ta hanci yake shiga. Bagaruwa in an daka ta, kamar ɗacin goro ne da ke komawa zaƙi. Fatar da aka gama, aka shafa mata mai, kamar ka sa hannu a aljihun tsohuwar rigarka ne. Ɗakin innarka kuwa kamar muryarta ce in tana kiranka cin abinci.

Kai ma kana da naka, kuma wannan ne ba wanda ya taɓa gaya maka. Ranar da aka haife ka, ungozoma ta miƙo mini kai, na yi maka kiran salla a kunne, na sa hancina a tsakar kanka. Ban taɓa jin irinsa ba kafin nan, kuma ko cikin mutum dubu aka rufe mini ido zan fitar da kai. Da safen nan Dije ta zo za ta cire rigar matashinka ta wanke, innarka ta karɓe ta kai ɗakinta. Ni na san dalili. Kai za ka tafi ba ka ɗauki ƙanshin gidan nan ba, amma ka bar mana naka.

In ka faɗa wa abokin zamanka, ka kira ni ka ba shi wayar in ji daga bakinsa. Ba zan tsoma fata ko ɗaya a ruwa ba sai na ji muryarsa.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka daga wuta da hayaƙi da abin da ba ka ji zuwansa. Wanda Ya shiryar da jijiya a cikin duhun ciki, Ya shiryar da kai a baƙuwar ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen da za su zame maka hanci, Ya dawo mana da kai lafiya. Innarka da Dije suna gaishe ka. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Umaru Majemi
Ƙofar Kware, Sakkwato